Na Auna Ɗakin Umma da Tsayina

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali da aiki, da sanyin can da kake ta kuka da shi. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Baban yara yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum, kwana biyu a gida, goma a waje, Auta kuma ta fara haƙori, ta hana kowa sakat. Umma da sauƙi, sai dai gwiwar, kuma maganarta ce ta sa na zauna na rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya dire zance.

Ka san tun da muka tare a gidan da muka saya nake roƙonta ta baro ɗakin hayar nan na hawa na uku ta dawo wurina. Wata biyu da suka wuce ta zame a matakala, ta zauna a wurin har sai da maƙwabciya ta ji nishinta. Ta hana a gaya maka, ni kuwa ga shi na faɗa. Da na matsa mata, ta ce kai ka ce ta jira ka zo hutu baɗi ka gyara mata ɗakin ƙasa na gidanmu da hannunka, tunda kai ne kafintan gida. Yaya, gwiwar Umma ba za ta jira baɗi ba. Ranar na ce ko da haƙori ne sai na gyara ɗakin nan.

Na je shagon kayan gini na bakin titinmu, na gaya wa dattijon da ke wurin cewa ban taɓa riƙe guduma ba. Ya tambaye ni ina maigidan, na ce ni ce dai ke gabansa. Ya yi dariya, ya jawo mini kujera. Shi ya koya mini cewa ba a hawa bango da fenti kai tsaye: a wanke, a cike tsagu, a bari ya bushe, a goge da samfefa, sannan a shafa sau biyu. Famfon banɗaki da ke ɗiga ashe wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Na kwance shi ban rufe ruwan gidan ba, na sha wanka da kayana a jiki, amma yanzu ko ɗigo babu. Ƙofar da ke jan ƙasa kuwa kusoshin ƙarfen da ke riƙe ta ne suka saki, sukurdireba kawai ta so. Na aro injin huda bango wurin maƙwabcinmu, na huda ramin farko da ƙyar, kafin na goma na zama gwana. Na kafa mariƙin ƙarfe a banɗaki, da kantar katako, da maratayin kaya, da madubi, da sakata. Asabar huɗu na yi a kai, kuma ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura.

Sai na ɗauko Umma ta gani. Yaya, ka san ba banza kuke ce mini Doguwa ba, ka kuma san Umma ko kafaɗata ba ta kai ba. Komai na ɗakin da tsayina na auna shi, ban taɓa kawowa a raina ba. Ta tsaya gaban madubi, ɗankwalinta kawai ya fito. Ta miƙa hannu ga kantar, yatsunta suka tsaya a ƙasan katakon. Sakatar sai ta yi ɗage, mariƙin da na kafa don kada ta faɗi kuwa yana daidai kunnenta. Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa bangon, ta yaba fentin, ta ce ɗaki ya yi kyau, Allah ya sa in ji daɗinsa, sannan ta ce in mayar da ita kafin rana ta faɗi. Da na raka ta, ina bayanta tana hawa tana hutawa a kowane hawa, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na yi kuka a hanyar dawowa, daga nan na wuce shago na sayo hodar cike rami.

Na kwance komai, na cike ramuka ashirin da shida, na goge, na sake fenti. Asabar ta gaba na koma na ce mata ba kwana za ta yi ba, aron tsayinta kawai na zo yi. Ta ce ni dai tun ina ƙarama ba na jin bari, amma ta ɗauki mayafi da jakar magungunanta. Na ba ta fensir na ce duk inda hannunta ya sauka ba tare da ta miƙe ba, ta yi alama. Ta zauna ta tashi a banɗaki sau uku kafin ta zaɓi wurin mariƙi. Tun tana yi don ta rabu da ni, har ta fara ba da umarni: madubi ya matso kusa da taga, kantar ta koma gefen gado, a ƙara ƙusa ɗaya a bayan ƙofa. Ina hudawa tana zaune tana ce mini na karkace, kuma sau biyu gaskiyarta ce. Da na gama ta jera magungunanta a kan kantar da hannunta. La'asar ta yi na ce ta tashi in mayar da ita, na miƙa hannu zan kwashe su, ta ce in bar su a nan, wa zai sake hawa da su sama. Yau kwananta tara.

Abu ɗaya ya rage, kuma a hannunka yake. Kullum sai ta ce ta saɓa maka, ka ce ta jira ba ta jira ba, shi ya sa har yanzu ta hana a kwaso akwatunanta. Don Allah ka kira ta ka ce ka ji daɗi. Kada ka tambayi wane ne ya yi aikin ko an yi daidai. Idan ka zo ka duba da kanka, ka yi mini dariyar da za ka yi. Na riga na gaya wa Baban yara ya bar mini motarsa ranar Asabar, kayan Umma za mu sauko da su, ina so kiranka ya riga mu isa.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Yaya idan kun haɗu, da 'yan biyu, da takwarar Umma. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Doguwa