Baƙar Kwamfutarka a Ɗakin Inna

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina so ka san halin da aikinka yake ciki.

Famfon solar da ka haɗa wa ƙauyen nan na bayan Roni ya tsaya. Injin lafiyarsa ƙalau. Ma'aunin ruwan tanki aka canja, kuma ɗan ƙarin umarnin da ka rubuta wa harshen kwamfutar da na'urar famfon ke aiki da shi bai san sabon ma'aunin ba. Gyaran bai taka kara ya karya ba, a zaune na yi shi.

Wajen haɗawa aka samu matsala. Na sa kwamfailar da ke kan kwamfutata, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa abin da inji ke ganewa. Ta haɗa tsaf, ko tari ba ta yi ba. Na hau babur har can, na ɗora a kan na'urar, harshen yana ɗauko ƙarin komai ya mutu. Ga mata tsaye da jarkoki suna kallona. Ashe shi harshen da tsohuwar kwamfaila aka gina shi, ba ya karɓar abin da wata ta haɗa. Ka sha faɗa mini, "Habu, wadda ta haɗa harshen, ita za ta haɗa ƙarin." Ni kuwa lokacin gani nake tsufa ne ya fara kama ka.

Na nemi tsohuwar a intanet, masu ita sun cire ta tuntuni. Wuri ɗaya na san tana nan: baƙar kwamfutarka mai fasasshen murfi, wadda ka hana kowa sabuntawa.

Ranar rabon gado babu wanda ya kula ta sai Inna, ta ce a sa mata a kasonta. Ta naɗe ta da zane ta ajiye a ƙasan adaka, ba ta yarda ko a buɗe. Na je Kazaure na durƙusa na yi mata bayani. Ba ta san wata kwamfaila ba, amma ta gane mutane ba su da ruwa. Ta ce ta yarda, sai dai kwamfutar ba za ta fita daga ɗakinta ba.

A kan tabarmarta na yi aikin. Ina kunnawa fankar nan ta cikinta ta fara kukanta, wanda Inna ke cewa yana hana ta barcin rana. Sai ta ajiye faifan shinkafar da take tsinta. Da aka gama na kai hannu zan kashe, ta ce in bar ta tukuna.

Ruwa ya dawo, Yaya. Na kuma kwafi kwamfailar na adana a wurina, yanzu ba na buƙatar taka. Ban gaya wa Inna ba. Duk Juma'a nakan je mata da aiki in kunna taka, mu zauna mu biyu muna sauraren fankar. Wallahi muna kewarka.

Allah Ya sa kowace jarkar da aka cika ta zame maka sadaka mai gudana, Ya haskaka makwancinka.

Ƙaninka,
Habu