Harsashi a Aljihun Baba

Litinin, 2 ga Oktoba

Kamfanin jirgi sun yarda Baba ya tafi da bindigarsa. Ni kuma na shiga uku, don ni zan haɗa kayan. Ƙa'idar ba wuya: harsasai su zauna a kwalinsu na masana'anta, kwalin a akwati mai kwaɗo, daban da na bindiga, kada su wuce kilo biyar. Ko ƙwaya ɗaya ba a yarda ta yi yawo a aljihu ba. Da na karanta masa sai ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganin aladen daji kuwa?"

Baffa Kostadin ne ya gayyace shi farauta a Suwidin. Haka dai ake faɗa. Gaskiyar ita ce matar Baffa ta gaya mini a waya likitoci sun sallame shi, ba sauran abin da za su yi. Rabon Baba da ƙanensa tun jana'izar kakata. In bai hau jirgin nan ba, ba za su sake ganin juna ba. Ta roƙe ni kada in faɗa masa, ban faɗa ba. Ni dai ba inda za ni. In kai shi filin jirgin Sofiya, in dawo kantina.

Laraba, 4 ga Oktoba

Na ce ya fito da harsasan. Ya kawo gwangwanin alewa cike, da safa ɗaya ƙulle a baki. Ina kwalayen? Ya hura murhu da su tun bara. Na ce to a saya a can mana. Wai bindigarsa ba ta cin abincin baƙi. Haba!

Alhamis, 5 ga Oktoba

Har Plovdiv muka je muka sayo sababbi a kwali. Ya shinshina su ya yatsine fuska. Na kulle su a akwati, na rataye makullin a ƙusar kicin.

Asabar, 7 ga Oktoba

Tsofaffin ƙungiyarsu ta farauta sun zo sallama, sun cinye mini banitsa, gashin fulawar nan mai cuku, faranti biyu, sun taɓa barasar Baba ba kaɗan ba. Na manta da al'adarsu sam. Duk wanda zai yi farauta nesa, kowa sai ya ba shi harsashi ɗaya ya harba a madadinsa, kuma ba a miƙawa a hannu, sai an rungume mutum a zura masa a aljihu. Ina kallon ɗayansu, Kawu Panayot, ya rungume shi har sau biyu.

Na ce, "Kawu, so kuke a ɗaure shi?" Ya ce, "Ke Nevena, ƙwaya ɗaya tal? Jirgin zai faɗi ne?" Suka kwashe da dariya.

Da suka watse na caje mahaifina kamar ɓarawon kasuwa. Kwat, wando, har aljihun tabarau. Yana tsaye hannuwa a sama yana cewa na fi 'yan sandan zamanin da mugunta.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na sami wani harsashin a cikin takalmin farauta. Allah ka ba ni haƙuri.

Litinin, 9 ga Oktoba

Ina ɗaure kwalbar waken ƙauyen Smilyan da za a kai wa Baffa, sai na hango abu yana ƙyalli a tsakiyar wake. Na kira Kawu Panayot na wanke shi tas. Ya yi ta rantsuwa: "Mu aljihu muke sawa, 'yar nan. Me ya haɗa mu da wake?"

Bayan na ajiye wayar na duba abin da kyau. Sabo ne fil, irin na Plovdiv. Na buɗe akwati, ga gurbinsa a kwali.

Na mayar da shi. Miyar ma ta ƙone.

Talata, 10 ga Oktoba

Da safe na sake duba kwalin, ga wani gurbin kuma. Na iske Baba a bayan gidanmu yana faskare. Na ce, "Baba, kai ne kake sawa." Bai ko musa ba. Ya ce, "Kin ɗauka ban sani ba? Mutumin da ba ya iya ƙarasa gaisuwa a waya sai ya huta, shi zai bi barewa a daji?"

Na ce to me ya sa? Ya daɗe yana juya gatari. Wai in an kama shi a filin jirgi an koro shi, laifin ƙa'ida ne, ba shi ya ƙi zuwa ba. Wai shi ya goya Kosta, wato Baffa, ya ƙetare rafi da shi zuwa makaranta, ba zai iya tsayawa a kansa yana kallo ba.

Na yi masa ihu, kuma ban yi nadama ba. Su ƙwace lasisinka, su kai ka kotu, ƙanenka yana can yana kallon ƙofa! Sai kuka ya ƙwace mini, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na ce na daina caje shi. Ya je ko kada ya je, ruwansa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ban caje shi ba. Tun daga garinmu Smolyan har Sofiya bakinsa bai huta ba a kan tuƙina.

A wurin ajiye motoci ya ce in buɗe but. Ya karɓi makulli, ya cire hularsa, ya zaro harsashin daga cikin shafin hular, ya mayar gurbinsa, ya danna kwaɗo. Bai dube ni ba. A cikin hula fa! Ni ko a mafarki ba zan duba can ba.

Jami'ai suka auna, suka duba takardu, suka karɓi akwatunan. Da ya zo wucewa ta na'urar bincike na kafa masa ido. Na'urar ta yi shiru. Daga can ciki ya juyo ya ɗaga murya, wai kada in ba karensa burodi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ya kira. Akwatin harsasai ko buɗe shi ba a yi ba. Baffa ba ya iya tashi, don haka Baba yake zama kusa da gado yana goge bindiga, shi kuma yana gaya masa bai iya ba. Har sun yi faɗa a kan gishirin wake. Yana ba ni labari yana dariya, sai ya tsaya. Ya ce, "Nevena, ya rame."

Ya ce ba zai dawo ranar da ke kan tikiti ba.

Akwai jirgi ranar Juma'a. Ba don komai ba, wa zai shirya masa harsasan dawowa? In na bar shi, a safa zai ƙulle su, su kama shi a ƙasar da ba ya jin yarensu. Kawu Panayot zai riƙe karen.

Na haɗa jakata. Baƙar rigata ta makoki na sa a can ƙasa, na ɗora sauran kaya a kai.