Idon Safiya

Zuwa ga ɗana Garba a Ikko,

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya gajiya, ya jikin matarka? Mu nan Bagudo mun gode Allah.

Ɗiyarka Safiya ta tashi daga ƙyanda, amma idonta na hagu ya yi fari. Ba ta gani da shi.

Kai ka hana a yi mata rigakafi, ka ce in ciwo ya zo a sayo kafso kasuwar ƙasar Benin, wai na Faransa ya fi ƙarfi. Munka sayo, munka ɗura mata, jiki sai ƙara zafi.

Da munka kai ta asibiti, malamar ta ce min, “Inna, ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Wasu suna da jikinsu, kafso na kashe su. Ta ƙyanda bairas ce, ɗan iri ne cikin kwasfa, ba ta ci ba ta haihuwa sai ta shige jikin mutum. Kafso ba ya samun ta.”

Na ce wato ƙuduji ke nan, ciyawar nan mai tsotsar gindin gero. Ta ce haka ne, tun kafin ya kama ake tarbe shi.

Jiya Safiya ta ce in goge mata hazon da ke idonta. Mi zan ce mata, Garba?

Ran kasuwa zan kai ƙanenta Umaru a yi masa allurar. Ba izini nake nema ba.

Ka sa ta cikin addu'a. Ka gaida matarka.

Uwarka,
Hajo