Ƙarfen Banɗakin Inna

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Albishirinki! A gidan Inna na ƙare hutuna, kuma banɗakin nan da kike cewa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga, na gyara shi da hannuna. Maginin layinmu ya leƙo yana wani cewa, "Malam, tsohon gida sai da lallashi." Na ce ya kama gabansa, ai komai yana cikin waya yanzu. Na farfasa daɓen simintin Baba mai kaushin nan, na shimfiɗa farin tayil, na daidaita ƙasan sak, don a karkace na same shi. Wani tsohon ƙarfe mai tsatsa da ke kafe a bango kuwa, na tumɓuke shi na wurga bola.

Inna ta leƙa ta ce, "Allah ya yi albarka, har fuskata nake gani a ƙasa." Ki je ki gani, ki daina ce mini hannun biro.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Gaisuwar ta tsaya nan, don raina a ɓace yake.

Na zo, na gani. Washegari da safe ina shara sai ga Inna da bokiti da sabulu, tana saɗaɗawa ƙofar gida kamar wadda ta yi sata. Na ce, "Inna, ina zuwa?" Ta ce wai matar tela za ta kai wa aron bokiti. Da ruwan ɗumi a ciki! Na bi ta. Auta, sati biyar ke nan uwarmu a gidan maƙwabta take wanka.

Matar tela ce ta fasa ƙwan, bayan Inna ta sa ta rantsuwa. Kwana biyu da tafiyarka santsi ya kwashe Inna a banɗakin. Ta kai hannu inda ta saba kamawa, ta kamo iska. A zaune ta ja jiki ta fito, har yau da tabo a ƙugunta.

Karkacewar da ka gyara, da gangan Baba ya yi ta don ruwa ya gangara rariya. Yanzu kwanciya yake yi har idon sawu. Ƙarfen kuwa, shekarar da gwiwarta ta fara ciwo ya kafa mata shi. Garin neman gira ka rasa ido.

Ni ma ban tsira ba. Ni na riƙa kushe banɗakin a gabanka, ban taɓa tambayarta ba. Da matar tela ta ce, "Ai ba komai, uwar kowa ce," ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, in har kina amsa gaisuwata.

Sau uku na karanta wasiƙarki, na kasa cin abinci. Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da nake kokawa da ƙarfen nan, Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Auta, shi wannan ɗin..." Ko juyowa ban yi ba, na ce, "Haba Inna, ki bar wa 'yan zamani aikinsu." Sai ta je ta kawo mini ruwan sha.

Duk sati sai na kira ta na ce, "Ya banɗakinki?" Ba gwiwarta nake tambaya ba, Yaya, yabo nake roƙo, ita kuma tana ba ni. Har hotonsa na zagaya da shi ofis, ana ce mini ɗan albarka. Wallahi kunya ta ishe ni, yau ko ido ban iya haɗawa da kowa ba.

Ran Asabar ina tafe. Wurin magini zan fara zuwa in ba shi haƙuri, ya tsaya a kaina, ni zan riƙe guduma in fasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Daɓe dai a sake shi. Amma ƙarfen Baba fa? Bolar an kwashe ta tuni. Zan sayo sabo, sai dai ban ma san daidai inda yake ba, don na shafe ramukan da siminti. Da wane ido zan kalle ta?

Ki gaishe ta, ni na kasa kira.

Auta

*

Autana,

Inna ce, Yayarka ke rubutawa. Ina gaishe ka, ka ci abinci.

Kada ka sayi komai. Ƙarfen yana ƙarƙashin gadona, tun ranar na tsince shi kana wanke hannu. Wurin kuwa, babanku bai auna bango ba. Ni ya tsayar ya ce, "Miƙa hannu," inda na taɓa nan ya huda.

In ka zo, sai ka tsayar da ni.

Allah ya yi maka albarka.