Kwalbar Baba da ke Cikin Rijiya

Zuwa ga ƙanena Rimvydas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Jolanta da yara, ya kuma tsare ka daga sanyin Norway da tekun da kake aiki a bakinsa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar mijina Zenonas ta yi sauƙi, ko da yake ciwon nan nasa yana da wayo, bai tashi ba sai da lokacin haƙar dankali ya zo. Ni na haƙe shi tas. Tuffar bayan gida ta yi 'ya'ya har reshe ya karye, kwana uku ina rabo.

Na ga saƙonka cewa za ka zo addu'ar cikar Baba shekara guda, tare da abokan aikinka biyu masu son giya, kuma kana so in faɗa maka ƙananan gidajen dafa giya da za ka kai su. To, ga abin da na sani. Ku fara da tsohon gidan niƙa na bakin kogi, a hanyar Biržai. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka karɓe shi, gemunsu ya fi shekarunsu yawa, amma baƙar giyarsu ta gaskiya ce, tana da ɗanɗanon ɓawon burodi. Ita na fi so. Daga nan ku wuce wajen matar nan mai kiwon zuma a bayan tashar jirgin ƙasa, tata ja ce mai laushi, sai dai mayaudariya ce: kana zaune ba ka jin komai, sai ka miƙe ka tarar ƙafafunka sun riga ka tafiya gida. Sabon wurin da ke kusa da kasuwa kuwa, kada ka ɓata takalminka. Mangwaro suke sa wa giya. Zenonas ya kurɓa sau ɗaya ya ce shi dai bai san ko sha ake yi ko wanke gashi ba.

Amma a ƙarshen saƙon ka ce duk waɗannan share fage ne, giyar gidanmu za ka ba su a ranar addu'a, su san abin da ake kira giya. Wannan layin ne ya hana ni ba ka amsa har mako uku. Akwai abin da na ɓoye maka tun ranar da Baba ya rasu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ka san kwalbar yistin tayar da giya da Baba yake ɗaure wa igiya ya zura cikin rijiya don sanyi, wadda ya gada daga kakanmu, shi ma daga nasa uban. Ka kuma san dokarta kamar yadda na sani: ana ba da yisti, ana karɓa, amma ba a godiya, in an gode ya mutu. Kwana biyu kafin Baba ya cika, da hantsi, ya ce in jawo masa ita. Na kawo tana ɗigar ruwa, ya riƙe ta a ƙirji ya daɗe, sannan ya miƙo min da hannu biyu ya ce, ungo, Danguolė, kada ki bar shi da yunwa. Rimvydas, shekara talatin na yi a gidan waya ina ce wa mutane na gode daga safe har yamma. Ban san lokacin da kalmar ta fita daga bakina ba. Ya dube ni, irin kallon da yake mana in mun shiga ɗakin giya muna faɗa, sai ya juya fuskarsa bango. Bai sake yi min magana ba, ni ko wani. Magana zarar bunu ce, na tsaya da kwalba a hannu ba yadda zan yi in mayar da ita.

Na mayar da kwalbar rijiya, kuma tsoro ya hana ni taɓa ta har wata tara. A cikin watannin nan ne abin ya fara. In na shiga ɗakin giya ɗaukar albasa, da rana tsaka, sai in ji gangar itacen nan tana ɓulɓula a hankali, kamar kwana na biyu da zuba yisti. In na ɗaga murfi, ba komai sai ƙura da yanar gizo. Wani lokaci ƙanshin tsiron sha'ir mai zafi nake ji a bakin ƙofa, alhali ba a hura wuta a murhun ba tun bara. Zenonas ya ce ɓera ne, na ce to ɓeran ya iya sana'a. Da baki kawai nake masa wasa. Na sa a raina Baba ne yake tuna min cewa na kashe abin da mutum uku suka raya.

A watan jiya na yi ta maza. Na jiƙa sha'ir, ya tsiro, na shanya, na niƙa, na zuba ruwan zafi, na tace ta cikin kara kamar yadda yake yi. Da ya huce ya yi ɗumin madarar da aka tatso, na zuba yistin na rufa masa bargo. Kwana uku ina leƙawa. Ruwan ya kwanta lamo, ko kumfa ɗaya babu, a na huɗu ya yi tsami na ba aladu. Na zauna a kan kututture na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ka san mutum ɗaya ce a duniya take da irin yistinmu, domin Baba ya ɗiba mata tun kafin a haife ka: maƙwabciyarmu Inna Leokadija. Ka kuma san shekara ashirin da biyu gidanmu da nata ba ko sannu, tun ranar jana'izar Mama da ta kurɓi giyar Baba ta ce a gaban mutane an sa mata sukari. Gara ka ce wa mai dafa giya ɓarawo da ka ce masa haka. Ko jana'izar Baba daga bakin shinge ta tsaya. Amma addu'a ta matso, ga saƙonka a kan tebur, sai na ɗaura ɗankwali na tafi, ina jin kamar Baba yana biye da ni yana jan rigata.

Na same ta tana yanka kabeji. Ba ta ɗago ba ta ce wai 'yar Anupras ce da kanta, ko hanya ce ta ɓace min, ko kuwa kazarmu ce ta tsallako. Na gaya mata komai, har kalmar da na furta. Ta ajiye wuƙa ta ce, ke dai sakarya ce tun kina ƙarama, wata tara kin bar abu mai rai ba ci, ko sa ne ai ya mutu. Sannan ta gaya min abin da ban taɓa sani ba. Ta ce a shekarar da Mama ta rasu yistin Baba ya mutu a hannunsa, domin ya dafa giyar jana'iza yana kuka yana zagin likitoci, kuma yisti ba ya zama da fushi. Na kanti ya saya ya haɗa da sukari don ya fita kunya, ita kuma bakinta bai iya shiru ba. Bayan mako guda ta ɗibi nata ta ajiye masa a kan turken shinge, washegari ba ta ga kwalbar ba. Tun daga nan duk bazara sai ta tarar da kwalba a turken, shi ya ajiye mata sabo, duk kaka kuma ita ta ajiye masa, don in na ɗaya ya mutu na ɗayan ya tashe shi. Ta ce, ubanki mai taurin kai, shekara ashirin da biyu bai ce min uffan ba, amma ban taɓa ganin wanda ya iya karɓar yisti kamarsa ba. Bana ma ta ajiye, ta ce, kwana goma kwalbar tana turke ba wanda ya zo.

Ta je rijiyarta ta jawo, ta ɗiba min, ta miƙo da hannu biyu tana kallon bakina. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Na karɓa, na juya, na fito ban waiwaya ba. Ina jin ta a bayana tana cewa, yauwa, yanzu kika zama 'yar gidanku.

Shekaranjiya na sake dafawa. Jiya da safe na ɗaga bargo na tarar da kumfa ta taso fari fat, kauri kamar tafin hannu, ƙanshin kuma nasa ne, ba wani bambanci. Za ku sami giyar gidanmu a ranar addu'a, ka gaya wa abokanka. Sai dai ga abin da ya sa na kasa cin abinci tun jiya. Na je na tsaya kusa da tsohuwar gangar da babu komai a ciki, na kasa kunne, na daɗe. Shiru. Wata tara ina roƙon Allah sautin nan ya bar ni, yanzu da ya bar ni na gane shi kaɗai ne maganar da Baba ya yi min tun ranar da ya juya bango. Jiya ne ya rasu a wurina, Rimvydas, kuma kewarsa ta kama ni fiye da bara.

In ka zo, za mu kai wa Inna Leokadija tulun farko, kuma kujerarta tana kusa da tawa a teburin addu'a. Ka gaishe ta, ka faskara mata itace, ka gyara mata ƙyauren da ya karkace. Amma na san bakinka da ladabin da ka koyo a can, don Allah ka kama shi. Da bazara kuma ni zan ajiye kwalba a turke.

Ka gaishe min da Jolanta, ka ce safar ulun da ta aiko ta yi min daidai. Ka sumbaci Ugnė da Tautvydas, ka ce musu tuffa tana jiran su a ɗakin ƙasa. Zenonas yana gaishe ka, ya ce ka taho masa da maganin gwiwa kafin lokacin faskare. Allah ya kawo ku lafiya.

Yayarka mai jiran ka,
Danguolė