Layi Guda a Jarida

Paris, 9 ga Mayu, 1838

Honorine, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? Ina fata iskar Nevers ta karɓi Clémence da ƙanwarta.

Ki zauna kafin ki ci gaba. Kin san gajerun maganganun da nake rubuta wa jarida duk Talata. A makon nan na rubuta: "Kuɗi ba ya sa a so ka, amma yana sa a jure hirarka." Wannan ta wuce lafiya. Ta ƙasanta ce ta jawo mini: "A Paris dukiya ake aura, matar gyara ce."

Wani tsohon soja, Kanar Brassac, wanda bai daɗe da auren gwauruwa mai gonakin inabi ba, ya rantse da shi nake. Jiya ya tsaya a kaina a gidan gahawa, ya ce, "Kai ne mai bakin? Ran Juma'a mu ji ko bindigarka ta iya magana." Mutane suka zuba ido suna jiran amsata. Na ce na yarda.

Abokina Eusèbe ya aro mini ƙaramar bindiga. Na gwada ta a kan wata bishiya a bayan gari, na kuskure, ya ce, "Firmin, ka auna ni, ko Allah zai sa ka sami bishiyar." Ban yi dariya ba. An ce Kanar ya kashe mutum biyu a irin wannan fito-na-fito.

Kada in mutu da abu a ciki. Ban san Kanar ba lokacin da na yi rubutun. Da kaina nake. Ranar da na nemi aurenki, injin niƙan mahaifinki na hango. Sai da zazzaɓin nan ya kwantar da ke a shekararmu ta biyu, na ga na kasa barin bakin gadonki, sannan na gane ina son ki. Shekara goma sha ɗaya ina neman bakin faɗa.

Ki sumbaci yaran.

Mijinki,
Firmin Chassagne

Paris, 11 ga Mayu

Honorine,

Ina gaishe ki, in kina amsawa. Ina raye.

Da safe muka tsaya a dajin Vincennes, taku ashirin tsakaninmu. Aka ba da alama. Na runtse ido na harba, ganye ya zubo. Kanar ya daɗe yana auna ni, sannan harsashinsa ya tafi da saman kunnena na hagu. Ya ce, "Ya isa. Yanzu ka riƙa jin rabin abin da kake faɗa." Likita ya ɗinke.

Daga can na ruga gidan waya da jini a kwalata, na roƙi a dawo mini da wasiƙar shekaranjiya. Ma'aikacin ya ce keken doki ya tafi da ita tun ranar. Ke nan tana hannunki.

Wallahi bakin bindigar Kanar bai firgita ni haka ba. Na sayi tikitin keken dokin Nevers, na mayar, na sake saye. Ba zan hau ba sai kin ce. Kalma ɗaya ta ishe ni: zo, ko kada ka zo. Kullum ƙarfe goma ina bakin gidan waya.

Naki, in har yanzu kina so,
Firmin