Man Shanun da Aka Daina Aikowa

Dogo Tebo, Potiskum
4 ga Agusta

Adda Ummuhani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya damina a Gadaka? Mu nan lafiya lau muke har da iyayenmu, Baffa yana zuwa kara wurin cinikin shanu kamar kullum, ƙafar Dada ma ta yi sauƙi.

Na ba Nagoggo direba wannan takarda ne saboda in na karɓi wayar Baffa don in yi magana da ke bakina rufewa yake yi. A hutun nan na shiga ajin koyon rubutu da Malama Halimatus Sa'adiyya ta buɗe wa 'yan mata a unguwar Bolewa. Ta raba mana rubutu gida biyu, akwai ƙagaggen labari, akwai na gaskiya. Ta koya mana jigo, wato abin da labari yake son faɗa, da tauraruwa, wadda labarin yake bi. Abin da ya fi shiga raina shi ne da ta ce kada mu rubuta cewa wance tana da kirki, mu nuna abin da hannunta yake yi, mai karatu zai gane da kansa. Ta ce mu buɗe ido a gida.

Na fara nawa. In ya yi kyau za a karanta shi ranar rufe aji, gaban iyaye. Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Aisa

Dogo Tebo
1 ga Satumba

Adda,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan zazzaɓin ƙaraminku ya sauka. Nagoggo ya ce kin tambaye shi ko lafiya na daina aiko miki da man shanu. Sau uku ina fara amsa ina yagewa.

Adda, ban taɓa aiko miki da man shanu ba. Dada ce. Ke ce 'yar farinta, kin san ba ta kama sunanki, ba ta zama inda ake maganarki, sai dai ta ce mutuniyar Gadaka. Amma tun da kika tare, duk ranar da za a aika ita take kaɗa nonon, ta soya man da albasa yadda kike so, ta ɗaure bakin kwalbar da leda sau biyu. Sai ta ajiye a bayan randa ta ce mini akwai wani abu da ya tare mata wuri, in san inda zan kai shi. Ni kuma in kai tasha in ce daga Aisa.

Wannan na rubuta. Na ga ba ni da abin da ya fi shi nuna jigona. Na canja wa Dada suna zuwa Hawwa'u, na ɗauka shi ke nan ya zama ƙagagge. Amma na bar randar, na bar albasar, har mutuniyar Gadaka na bari yadda take. Malama ta taɓa cewa mu ɗauki zuciyar abu mu sauya masa kaya, wanda kuma zai rubuta mutum na gaske ya nemi izininsa. Ban gane sauya kaya ba, na so in ɗaga hannu, kunya ta hana ni.

Ranar rufe aji nawa aka zaɓa. Malama ce ta karanta da lasifika, don ni ba zan iya ba. Tana zuwa wurin randa mata suka fara waiwayen Dada. Goggo Sauda ta zungure ta tana dariya, wai ashe ana so ake ɓoyewa, shi ya sa man shanu ya yi tsada a unguwa. Ba da mugunta suka yi ba, wasu har hawaye suka share. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi kafin a gama. Ba ta jira keke ba, da wannan ƙafar tata ta tako har gida.

Ba ta dake ni ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata. Amma in na shigo tana aiki sai ta juya mini baya, kamar yadda ake yi wa baƙo mai yawan kallo. Tun ranar ba a sake ajiye komai a bayan randa ba.

Malama ta zo ta ba da haƙuri, ta ce ba ta san cewa labarin gidanmu ne ba. Ta so ta kai labarin gasa, na ce a'a. Ta ce salona yana da kyau. Ban ji daɗin jin haka ba.

Ki yafe mini.

Aisa

Dogo Tebo
9 ga Satumba

Adda,

Ina gaishe ki da yara. Na samu takardarki, na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Kin ce shekara shida kina zaton Dada ba ta tuna ki, kin ce za ki zo ranar Juma'a ki durƙusa ki yi mata godiya.

Don Allah, Adda, kada ki yi. Hanya ɗaya take da ita zuwa wurinki, ita ce wadda ba wanda ya sani, ni kuma na nuna wa mutane. In kika gode mata, ta san labarin ya kai inda ta fi jin kunya, kuma ba za ta ƙara aikowa ba har abada.

Ki zo, amma ki zo kamar yadda kika saba. Ki gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri. In kun zauna da Goggo Sauda a tsakar gida, ki ɗaga murya ki yi mini faɗa, ki ce na yi rowa na daina aiko miki da mai. Zan sunkuyar da kai in ce na tuba. Wataƙila in Dada ta jiyo mu ta yarda ba ki sani ba.

Na san abin da nake roƙo yana da nauyi. Ni na sa kika sani, kuma ni nake cewa ki ɓoye.

Ƙanwarki,
Aisa